'Yar Tsana Mai Yatsu Tara

Shekarun baya masu nisa, tun ina budurwa a unguwar Tandabawi da ke Makka, wani abu ya faru a gidanmu wanda ban cika ba da labarinsa ba. Masu bibiyata a nan sun san ni da tara tsofaffin 'yan tsana da ƙananan gidajensu, kuma kusan kullum sai an tambaye ni wacce ta fi tsufa ko wacce na fi so. Makon jiya wata ta tambaya ko akwai wadda ta taɓa ba ni tsoro. Na yi dariya na wuce, amma tambayar ta ƙi sakina. To, akwai.

A Makka aka haife ni. Iyayena mutanen ƙasar Kano ne, kowa ya zo a ƙafa da nasa ayarin ta Chadi da Sudan, a nan suka haɗu suka yi aure. Lokacin da abin ya faru, cikin shekarun alif ɗari tara da sittin, ina da shekara goma sha bakwai. Sa'o'ina wasu har sun fara goyo, ni kuwa abin da na mallaka a duniya akwatin ƙarfe ne cike da 'yan tsana. Ba wasa nake yi da su ba, ko dai a ce haka nake faɗa wa mutane. Bayan kowane aikin Hajji nakan bi matan unguwarmu zuwa Mina lokacin da ake kwance tantuna. Su suna neman tukwane da bargunan da alhazai suka bari, ni idona yana ƙasa ina neman abin da ya faɗi daga hannun yara. Ta haka na samu ta katako mai dogon hanci ta mutanen Jawa, da ta tangaram mai karyayyen hannu, da ta tsumma mai ɗigon ja a goshi, da irin tamu ta ƙashi da aka yi wa kitso da zare aka rataya mata tsakiya.

Mahaifiyata ba ta son wannan ɗabi'a ko kaɗan. Takan ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da abu mai fuska. Da ƙyar muka daidaita a kan cewa akwatin zai zauna a rufe a ɗan ɗakin ajiya na bayan gida, inda muke sa gawayi da tabarmin baƙi. Mace ce marar yawan magana. Tana ɗinka huluna da jakunkunan alhazai, kuma idan ta sunkuya kan ɗinki sai ta yini ba ka ji bakinta ba.

Mahaifina ruwa yake kai wa gidaje, garwa biyu a sanda a kafaɗa. A shekarun nan ana ta rushe tsofaffin gidajen da ke kusa da Harami don a faɗaɗa shi, kuma da yawa daga cikin gidajen da yake kai wa ruwa sun shiga layi. Wata rana da hantsi sai ga shi ya shigo ba garwa, ya rungumo wani abu da aka lulluɓe da tsohon zanen gado, yana haki.

"'Yar nan, zo ki ga abin da ya fi ƙarfin akwatinki," in ji shi.

Gidan 'yan tsana ne. Hawa huɗu, tsayinsa ya kai mini ƙirji, da tagogin katako masu ƙananan ramuka irin na gidajen attajiran Makka na da. Gabansa yana buɗewa kamar ƙofar kabad. A ciki akwai matakala, da shimfiɗu masu faɗin tafin hannu, da matasan kai, da ƙaramar butar gahawa ta tagulla wadda ba ta fi ɗan yatsa ba. Ya ce mutanen wani gida ne suke kwashe kaya, matar gidan ta aiko masa ta bayan ƙofa cewa ta ji yana da 'ya mace, ya kai mata.

"Ba ka gaya musu 'yar taka ta isa aure ba?" in ji mahaifiyata, ba ta ko ɗago kai ba.

Na yi kwana uku ina share shi da gashin kaza. Yana da wani ƙamshi na kafur da tsohon turaren wuta, irin wanda ke maƙalewa a hannu. 'Yan tsanan da suka zo da shi guda biyar ne, duk na tangaram, farare, da kaya masu zaren zinariya da suka fara zubewa. Na jera su a benaye yadda na ga dama.

A rana ta uku ne na lura da wata 'yar ƙofa a ƙarƙashin matakalar hawan ƙasa, kusa da ɗakin girki. Na ja, ta ƙi buɗewa. Da na kawo ido kusa sai na ga an buga mata ƙaramar ƙusa a karkace, bugun wanda bai iya ba, ta yi tsatsa har ta rina katakon. Na ɗauko almakashin mahaifiyata na ɓanɓare ta.

Akwai 'yar tsana a ciki, an tura ta a naɗe, fuskarta na kallon bango.

Ta baƙin yadi ce, ɗinkin hannu, ba ta kai tsawon tafin hannuna ba. An ɗaura mata ɗan ƙyalle a ƙugu kamar zane. Na fito da ita bakin ƙofa inda haske yake, na juyo fuskarta. An yi mata idanu da farin zare. A kowane kunci an ja zane uku-uku, sannan a gefen hagu na hanci an ja bille guda a karkace. Zanen fuskar mahaifiyata ke nan, ba ragi ba ƙari.

Na ce wa kaina ai masu irin wannan zane suna da yawa a ƙasar Hausa. Sai na dubi hannayenta. Duk wanda ya san 'yar tsanar tsumma ya san ba a wahalar yi mata yatsu, dunƙule ake yi a wuce. Wannan an zauna an ɗinka mata su ɗaya bayan ɗaya, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa. Hannun dama biyar. Hannun hagu huɗu, kuma inda ƙaramin yatsa ya kamata ya kasance an ɗaure wurin da ƙulli, an gama shi tsaf, ba wai ya tsinke ba ne.

Mahaifiyata ba ta da ƙaramin yatsan hagu. Taɓarya ce ta dake shi a bakin turmi tun tana 'yar shekara biyar a garinsu, kafin su kama hanya.

Tsakar rana ce, zafin Makka ya kwantar da kowa, ko akuya ba ka ji a unguwar. Na tsaya ina jujjuya ta a hannu. Yadin ya tsufa har ya koma ruwan ƙasa a gefe-gefe. Ƙusar ta yi shekaru a wurin, ta girme ni nesa ba kusa ba. Mahaifiyata kuwa ba ta taɓa taka ƙofar gidan mutanen da suka ba mu shi ba, mahaifina ma iyakarsa zaure.

Abin da ya fara zuwa mini shi ne sammu. Mun taso muna jin labarin yadda ake yin siffar mutum a binne ko a rufe. Na yi tunanin in ƙone ta, sai na ji tsoron kada abin da ya same ta ya sami mahaifiyata. Na yi tunanin in gaya wa mahaifina, sai na ji tsoron ya ɗauke gidan gaba ɗaya ya jefar. Ku ga irin hankalina a lokacin: ina zargin an yi wa uwata asiri, amma ina lissafin yadda zan tsira da butar gahawa ta tagulla. A ƙarshe na mayar da ita ƙarƙashin matakala, na tura ƙofar, na tofa abin da na iya, na fita.

Washegari bayan azahar na leƙa. Ƙofar a buɗe, 'yar tsanar ba ta ciki. Na same ta a hawa na huɗu, a zaune a jingine da matashi, a ɗakin da na ajiye mafi kyawun 'yan tsanan tangaram. Ita kuma ta tangaram ɗin an kwantar da ita a gefe.

Ba ni da ƙanne a gida, yayyena maza biyu suna Jidda wurin aiki. Mu uku ne kawai. Na mayar da 'yar tsanar ƙarƙashin matakala. Kwana biyu ban shiga ɗakin ba. Da na shiga a rana ta uku, ta sake hawa sama. Wannan karon an lulluɓe ta zuwa wuya da wani ɗan ƙyalle shuɗi, kamar yadda ake rufe yaro mai zazzaɓi.

A kwanakin nan ne kuma mahaifiyata ta canza. Ta daina cin abinci sosai. Na ga ta ɗinka hula ta farke ta har sau biyu. Ina yi mata magana sai ta dube ni kamar daga nesa na kira ta. Sau ɗaya ta zuba gishiri a shayi, mahaifina ya kurɓa ya dube ta, ya shanye. Ni kuwa na gama yanke hukunci cewa da na cire ƙusar nan na saki wani abu, kuma ya fara cin ta.

Ranar wata Laraba na dawo daga kai huluna wurin mai shago da wuri, ana tsakiyar zafin nan na bayan azahar. Gidan shiru. Na ajiye mayafina ke nan sai na ji murya daga ɗakin ajiya. Siririya ce, kamar ta yarinya ƙarama, tana rera wata waƙar rarrashi da Hausa, irin Hausar da ban saba ji ba. Ta kai ƙarshe ta koma farko. Ta sake kaiwa ƙarshe ta koma farko.

Ban san yadda aka yi ƙafafuna suka kai ni ba. Na tura ƙofar da yatsa ɗaya.

Mahaifiyata ce a zaune a kan buhun gawayi, gidan a buɗe a gabanta, 'yar tsanar a cinyarta. Ta ɗora hannunta na hagu kusa da na 'yar tsanar. Ban taɓa jin ta yi waƙa ba tunda aka haife ni.

"Inna," na ce.

Ba ta firgita ba. Ta ce, "Almakashina na zo nema ranar nan. Rufe ƙofar ki zauna."

Na zauna a ƙasa.

"Ina da ƙanwa," in ji ta.

Shekara goma sha bakwai ina tare da matar nan ban taɓa jin wannan ba. Ta ba ni labarin a hankali, idonta a kan gidan. Sun baro gari tana da shekara shida, ƙanwar tana goye. Sun yi shekaru a hanya, ana tsayawa a yi noma ko aikin auduga a samu guzuri a ƙara gaba. Uwarsu ta rasu a Chadi, ubansu ya rasu a Sudan. Lokacin da ayarin ya kai bakin teku ita tana da goma sha ɗaya, ƙanwar tana da shida. Wani mutum da ya ce zai tsallakar da su ya ce jirgin ruwan ya cika, a sa ƙananan yara a na biyu, za a haɗu a ɗaya gaɓar kafin la'asar.

"Da wannan hannun nake riƙe da ita," ta ce, ta ɗaga na hagu. "Kullum da shi, don na dama yana riƙe da ƙullin kayanmu. Shekara uku ban sake ta ba, ko bayan gida za ta. Ran nan mutumin ya ce in saki, na saki."

Jirgi na biyu bai iso inda suka sauka ba. Manya suka yi cigiya kwanaki, aka ce ya nitse, aka ce ya sauka wani wuri, aka ce a bar wa Allah. Daga baya da ta girma ta fahimci abin da ake yi da yaran da aka raba da ayarinsu a zamanin nan: sayar da su ake yi. Ko mahaifina ba ta taɓa gaya wa ba.

"Babu wanda ya san hannun nan har ya zauna ƙirga shi sai ita," ta ce. "Idan ta gaji da tafiya, da yatsuna take wasa."

Da mahaifina ya dawo ta gaya masa a tsakar gida, ina jin su. Ya ce, "Shekara ashirin da wani abu, baiwar Allah, kina ɗauke da wannan ke kaɗai?" Ta ce, "Malam, ka san inda mutanen da suka ba ka gidan nan suka koma?" Ya ce zai nemo.

Cikin mako guda ya nemo. Muka je ni da ita, don Larabcinta na kasuwa ne, nawa kuwa na haihuwa. Sabon gida ne na siminti a bayan gari. Matar gidan ta kai shekara arba'in, mai fara'a, ta sa aka kawo mana gahawa da dabino, tana tambayata ko gidan ya burge ni. Ta ce kakanta ne ya sa kafinta ya yi mata shi daidai da gidansu na gaske, ɗaki bayan ɗaki.

Mahaifiyata ta kwance bakin mayafinta ta ajiye 'yar tsanar a kan faranti. Sannan ta yaye lulluɓin fuskarta, ta ɗora hannunta na hagu kusa da ita.

Matar ta dubi 'yar tsanar, ta dubi fuskar, ta dubi hannun. Fara'arta ta ɗauke. Ta ce, "La ilaha illallah. Ashe akwai ki."

Ga abin da ta gaya mana, ina fassara wa mahaifiyata guntu-guntu. Tana ƙarama aka kawo wata yarinya baƙa gidansu don ta riƙa yi mata wasa da hidima. Ba ta jin Larabci, cikin shekara guda kuma ta manta yarenta. A ƙarƙashin matakala take kwana a gidan na gaske. Yarinya ce mai biyayya, sai dai abu ɗaya: takan ce akwai wata yarinya babba mai yatsu tara da ke riƙe mata hannu, kuma za ta zo ta tafi da ita. Takan tsaya a bakin taga tana jira. Takan rage abincinta ta ajiye mata. Kakar gidan ta ce aljana ce ta shige ta. Aka yi mata hayaƙi, aka yi mata ruƙiyya, aka yi mata duka, kullum ana ce mata babu wata yarinya, ba a taɓa yin ta ba. Da ta koyi ɗinki sai ta ɗinka wannan a ɓoye. Aka gano, aka ce a ƙone.

"Ni na sace ta na ɓoye a nan," in ji matar. "Ni na buga ƙusar da dutse, ina da shekara tara. Na ce mata an ƙone. Daga ranar ba ta sake maganar ba, muka ce ta warke." Ta share ido. "Wallahi kamar 'yar'uwa na ɗauke ta."

Na fassara wannan ma. Mahaifiyata ta ce, "Tambaye ta tana raye?"

Tana raye. Lokacin da hukuma ta hana riƙe mutum a matsayin bawa, 'yan shekaru kafin nan, an ce mata tana iya zama tana iya tafiya. Ta zauna kaɗan, sannan ta nemi ɗaki a wani gidan waƙafi na mata marasa kowa, tana ɗinka katifu da matasai. Ba ta taɓa aure ba. Tafiyar da ba ta kai rabin awa ba ce daga ƙofar gidanmu.

Washegari da safe muka je. Dogon gida ne mai duhu, ɗakuna a jere, ƙamshin auduga da kananzir. Wata tsohuwa ta nuna mana ƙofa ta ƙarshe. Na yi sallama da Larabci, aka amsa.

Tana zaune a ƙasa cikin tarin auduga, da babbar allura a hannu, siririya, gashinta ya fara fari tun ba ta kai shekarun ba. Zane uku-uku a kunci, bille a gefen hanci. Ni na fara shiga, ta yi mini murmushi, ta ɗauka aiki na kawo. Sai mahaifiyata ta shigo bayana ta yaye fuska.

Na zaci za a yi kuka a rungume juna, har na shirya nawa kukan. Ba haka aka yi ba. Matar ta dubi fuskar mahaifiyata, idonta ya sauka kan hannun, ya tsaya a nan. Allurar ta faɗi. Ta ja da baya da gindi har bayanta ya bugi bango, ta fara karanta A'uzu da sauri-sauri, ta rufe ido, ta buɗe, ta sake rufewa. Mahaifiyata ta kira ta da sunanta na gida, sunan da ba wanda ya furta shekara talatin da wani abu. Ba ta nuna ta san shi ba. Mahaifiyata ta matsa taku ɗaya, matar ta ɗaga hannu biyu ta kare fuska.

Sannan ta juyo gare ni, ba ta yarda ta kalli gefen da mahaifiyata take ba, ta yi magana da Larabci ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron a ji, ta kira ni ya binti, wato 'yata.

"Ya binti, don Allah ki gaya mini gaskiya. Ke ma kina ganinta?"

Duk tsoron da na ji a ɗakin ajiya bai kai na wannan tambaya ba. Na kira ta hala, wato ƙanwar uwa da Larabci, na ce, "Ina ganinta, hala. Uwata ce. Ita ta haife ni."

"Sun ce babu ita."

"Akwai ta. Yayarki ce. Tare kuka zo."

"Me ta ce?" in ji mahaifiyata. Na rasa yadda zan juya shi zuwa Hausa. Na ce, "Inna, tana tambaya ko ke mutum ce."

Mahaifiyata ta zauna a ƙasa daga inda take, nesa da ita, ta miƙa hannun hagu ta ajiye a kan audugar, ta bar shi a nan. Mun fi awa guda a haka. Ana ta wucewa a waje, wani yana tallan kananzir, mu muna zaune. Can sai matar ta rarrafo kaɗan, ta miƙo yatsa ɗaya ta taɓa bayan hannun, ta janye da sauri kamar ta taɓa garwashi. Ta sake taɓawa. Sannan ta kama yatsun tana lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, ta zo wurin da babu, ta ɗora babban yatsanta a kai, ta bar shi. Ba ta ɗago kai ba. Mahaifiyata ce ta yi kukan, ba sauti.

Ba zan ce muku daga ranar komai ya daidaita ba. Ta ƙi biyo mu gida. Mahaifiyata ta riƙa zuwa duk bayan kwana biyu da tuwo a kwano, ni ina biye da ita ina fassara. Wata da watanni, idan muka shiga, sai ta kira tsohuwar maƙwabciyarta ta ce, "Mutum nawa ne suka shigo?" Tsohuwar ta ce biyu, sannan hankalinta ya kwanta. Hausa ba ta dawo mata ba, sai kalmomi ƙalilan da ta koya sabo kamar baƙuwa. Hanyar ma ba ta tuna ta, ba ta tuna teku, ba ta tuna iyayensu. Hannun kawai ta riƙe. Da na ce zan kawo mata 'yar tsanarta ta ce a'a, ba ta son ganinta, ta sha duka a kanta ya isa.

Sai bayan shekara biyu ta yarda ta dawo gidanmu. Suka zauna tare shekara goma sha tara, suna ɗinki a tsakar gida, ɗaya da guntun Larabci ɗaya da guntuwar Hausa, yawanci ma shiru. Sukan yi faɗa a kan gishirin miya kamar kowace ya da ƙanwa. Ni na yi aure, na haihu, ita ta yi mini wankan jego tare da Inna.

Mahaifiyata ce ta riga ta rasuwa. Bayan an kai ta an dawo, mata sun cika gida, na sami ƙanwar tata a zaune a gefe, ba ta kuka, hannunta na dama a buɗe a kan cinya. Na zauna kusa da ita. Ta daɗe tana kallon ƙofa, sannan ta ce da ni da Larabci, da irin muryar nan ta ranar farko, "Ya binti, da gaske ta zo, ko?"

Na ce, "Ta zo, hala. Shekara ashirin da ɗaya kuna tare. Ga ni nan, ni 'yarta ce."

Ta kama fuskata da hannu biyu ta duba sosai, ta gyaɗa kai. Har ta bar duniya, shekara huɗu bayan nan, takan yi mini wannan tambaya lokaci-lokaci, ni kuma ban taɓa gajiya da amsawa ba.

Yanzu na tsufa, na fi su biyun shekaru a lokacin da suka rasu. Jikokina suna yi mini dariya, wai kakarsu ta cika ɗaki guda da kayan wasan matattu, kuma ba su yi ƙarya ba. Mutane suna son in ce musu 'yan tsana suna motsi ko suna magana idan ba kowa. Ni ban taɓa gani ba, wadda na zaci tana hawa bene ma uwata ce ke ɗaukar ta don ba ta iya barinta a ƙarƙashin matakala. Abin da har yau yake tayar mini da tsikar jiki daban ne. Yarinya 'yar shekara shida ta faɗi gaskiya, manya suka taru a kanta da hayaƙi da bulala har ta yarda cewa ƙarya take yi, kuma shekara ashirin da ɗaya na zama da yayarta ba su isa su goge wannan gaba ɗaya ba.

Shi ya sa idan ƙaramin jikana ya zo yana ba ni labarin da ba shi da kai ba shi da gindi, nakan ajiye abin da nake yi in ce, "To, sai me ya faru?" Uwarsa takan ce ina ɓata shi. Wataƙila. Na gwammace haka.